Daga Teburin Gyara: Me Ya Sa Kwamfutata Ke Ɗaukar Zafi?

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da watan Fabrairu ya kama, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka koma magana ɗaya: kwamfuta tana zafi, fanka tana ihu, inji yana mutuwa ana tsakiyar aiki. Ban yi mamaki ba. Haka muke gani duk shekara a shagonmu na Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja a Legas, da zarar hunturu ya tattara komatsansa ya bar mana ƙura, zafin Maris kuma ya kunno kai. Na tsamo biyar daga ciki, na gajarta su, sauran kuma za su tarar da amsarsu a nan in sha Allahu.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da cike fom a Agege, kusa da layin dogo. Kwamfutata Dell OptiPlex 7010 ce ta hannu, shekara uku ke nan da na saye ta. Da safe lafiya lau, amma daga azahar sai ta fara nauyi, fanka ta yi ta ƙara kamar injin markaɗe, wani lokaci ta mutu ɗif. An ce in sake Windows, na sake, ba abin da ya canja. Wani kuma ya ce furosesa ce ta tsufa, in sayi wata.

Amsa: Malam, barka kadai. Mai da kuɗinka aljihu tukuna. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta tsufa irin tsufan da yake nufi, kuma a shekarun da na yi ina kwance injuna, waɗanda na tarar furosesarsu ta mutu da kanta ba su cika tafin hannu ba. Windows ma ba ruwanta. Yadda ka ce abin sai rana ta take yake farawa, shi ya nuna mini inda gizo ke saƙar.

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa a ciki. Irin injinka yawanci Core i5-3470 ke cikinsa, ta shekarar 2012, wadda ke iya fitar da zafin da ya kai wat 77 daga ɗan wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. A kanta akwai ƙarfe mai haƙarƙari da muke kira hitsink, shi ke zuƙe zafin, fanka kuma ta hura iska ta tsakanin haƙarƙarin ta fita da shi. Shi ke nan aikin. Babu wani abu a cikin akwatin nan da ke ƙirƙirar sanyi kamar firji. Iskar shagonka ce kawai ke shiga ta ɗauko zafi ta fito. To idan da safe iskar tana digiri 27, da azahar kuma ƙarƙashin rufin kwano ta haura 35, ga firinta da na'urar fotokwafi suna ƙara nasu, duk abin da ɗakin ya ƙaru da shi furosesa ma ta ƙaru da shi. Injin da dama yake bakin gaɓa da safe, da rana sai ya faɗa.

Nauyin da kake gani kuwa ba lalacewa ba ne, kare kanta take yi. Idan zafinta ya doshi digiri 100, sai ta rage gudu da kanta don ta huce, in abin ya ƙi sai ta yanke wuta gaba ɗaya. A da ba kowace ke da wannan dabara ba. A shekarar 2001 mutanen shafin intanet na Tom's Hardware sun yi gwajin da ya yi suna, suka cire hitsink ana cikin aiki: Pentium 4 ta rage gudu ta tsira, Athlon ta lokacin kuwa ta ƙone har da hayaƙi. Yanzu dukkansu, na kamfanin Intel da na kamfanin AMD, sun iya kare kansu. Saboda haka mutuwar da injinka ke yi alheri ce, amma kada ka mayar da ita al'ada, domin sauran kayan da ke kewaye da furosesa ba su da wannan gata, zafin yana cin su a hankali.

Kafin ka taɓa sukurdireba, auna. Sauke manhajar auna zafi, HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne dukansu. Kada ka nemi zafin furosesa a Task Manager, wato tagar Windows da ke nuna manhajojin da ke aiki, ba ya nunawa. Duba da safe, ka sake dubawa ƙarfe biyu na rana kana tsakiyar aiki. A garin nan, injin da ba ya komai ya zauna tsakanin 40 da 50 ba abin damuwa ba ne, in yana aiki mai nauyi ya kai 75 ko 80 ma babu laifi. In ka ga 70 alhali ba ka buɗe komai ba, ko 95 kana buga takarda kawai, to akwai magana. Task Manager ɗin yana da nasa amfani ta wani ɓangare: duba ko akwai wata manhaja da ta riƙe furosesa ɗari bisa ɗari ba dalili. Injinan shago da kowa ke soka wa filashi sukan kwaso irin ƙwayar cutar da ke haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, ta bar maka zafi da kuɗin mai.

Sai ka kashe, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, ka buɗe murfi. Ina iya rantsuwa kan abin da za ka gani, don layin dogo da titin Agege ba su raga wa kowa. Ƙurar Legas daban take da ta gida. A Kano zafin ya fi na nan, watan Afrilu yakan wuce 40, amma ƙurar busasshiya ce, kana hurawa ta tashi. A nan laima ce ke kama ta, ta haɗu da hayaƙin janareto da na motoci, ta dunƙule ta zama kamar bargo a bakin haƙarƙarin hitsink. Daga waje sai ka ga fanka tana juyawa da ƙarfi ka ce lafiya, alhali bango take hurawa. Na taɓa ɓanɓaro irin wannan bargo daga injin wani mai shago, ya fito guda cur kamar fanke, ya ce a bar masa ya kai wa yaransa su gani.

Fitar da injin waje. Samo buroshin fenti mai laushi, sabo, da bulowa ta lantarki irin ta hannu. Ka dafe fukafukan fanka da yatsa yayin da kake hurawa, kada ka bari iska ta yi ta wulwula ta, boris ɗinta ke lalacewa. Kada ka kai wa mai faci ya hura maka da injin iskar taya, akwai ruwa da mai a cikin tankinsa. Kada kuma ka hura da baki, yawu ne. Akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa fak, ka hura shi daga waje kawai, kada ka kwance shi, yana riƙe wuta ko an zare waya.

In ka mayar ka ga zafin bai sauka yadda ya kamata ba, saura man da ke tsakanin furosesa da hitsink. Injin da ya haura shekara goma, ya ƙetaro teku a kwantena, da wuya a ce an taɓa canja masa. Yadda ake yi yana cikin amsa ta uku. Abu ɗaya da za ka kiyaye: in fankar ce ta mutu, Dell na wancan zamani suna da nasu kan soket mai ƙafa biyar, ba kowace fankar kasuwa ke shiga ba. Ciro tsohuwar ka riƙo ta a hannu in za ka zo titin Otigba a nan Computer Village.

Af, na kusa mantawa. A ina ka ajiye injin? Mafi yawan masu shago suna cusa shi cikin ɗan akwatin tebur, bayansa manne da bango, rim ɗin takarda a kai. Iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. Ɗaga shi daga ƙasa, ka bar masa tazarar kamu ɗaya ta baya. In kuma bayan duk wannan ma'auni ya nuna 60 amma yana ci gaba da mutuwa, ka lura ko lokacin da wuta ta yi ƙasa ne ko lokacin da aka juya zuwa janareto. Wannan ba zafi ba ne, maganar sitabilaiza ce ko akwatin wuta.

Tambaya: Yaya Injiniya, ni matashi ne a Idi-Araba, ina haɗa bidiyon biki da suna. Na tara kuɗi na haɗa inji da kaina: furosesa Ryzen 7 5800X, katin hoto RTX 3060, akwati mai gilashi gaba da gefe, fanka shida masu fitilu. Amma da na fara fitar da bidiyo sai zafi ya kai 90 ya tsaya. Waɗanda nake kallo a YouTube nasu bai wuce 75 ba. Ko an sayar mini da jabu ne?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'a. Ba jabu ba ce. 5800X dama an san ta da ɗumi, domin duk ƙwayoyinta takwas masu yin lissafi a dunƙule suke a ɗan guntu guda, zafin ya taru wuri ɗaya. Iyakar da AMD ta sa mata 90 ne, shi ya sa ka ga ta kai nan ta tsaya cak: ta fara rage wa kanta gudu ke nan. Su kuma mutanen YouTube da kake kallo, yawancinsu a Amurka ko Jamus suke gwaji, a ɗakin da ke kan 21 ko 22. Kai ɗakinka yana 32 ko 33. Ƙara goma ko sha ɗaya a kan lambarsu kafin ka kwatanta. Da wannan lissafi kaɗai 75 ɗinsu ya zama 85 a Idi-Araba, ba tare da ka yi kuskuren komai ba.

Ragowar kuma, ina zargin akwatin. Furosesarka tana iya jan wat 142 in aiki ya yi nauyi, katin hoton kuma 170. Ka tuna ƙwan lantarki irin na da, mai wat 100, wanda ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne? To guda uku ka kunna ka rufe a cikin kwali. Yawan fanka ba shi ne ba, hanya ake nema: iska ta shigo ta gaba, ta ratsa kan kayan, ta fita ta baya da sama. Akwatin da aka toshe gabansa da gilashi, aka bar ɗan siririn tsagi a gefe, ko fanka goma ka jera a bayan gilashin nan wahala kawai suke sha. Kwalliya ce aka yi don ƙasashen sanyi da ɗakuna masu iyakwandishan. Ni in mutum ya zo zai haɗa inji a garin nan, akwati mai gaban raga nake nuna masa, in ya nace wa gilashi in ce ya sa hannu cewa shi ya zaɓa.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Fara fitar da bidiyo, ka bari zafin ya tsaya, sannan ka cire murfin gefe, in gaban yana cirowa shi ma ka cire. Jira minti goma. In zafin ya sauka da digiri bakwai ko goma, akwatin ne ke shaƙe injin. In bai motsa ba sai da ɗaya ko biyu, iskar akwati ba ta da laifi, matsalar tana kan hitsink ko zamansa a kan furosesa.

Sannan ka bi fankokin nan shida ɗaya bayan ɗaya ka ga ina kowace ta dosa. Kowace fanka tana da fuska da ƙeya. Ɓangaren da ke buɗe, wanda fukafukai ke fili, ta nan take zuƙa. Ɓangaren da ke da sanduna huɗu da suka riƙe injin, inda waya ke bi, ta nan take fitarwa. Wasu suna da 'yar kibiya a gefe. In ido ya ruɗe ka, kunna turaren tsinke ka kawo shi kusa, hayaƙin zai nuna maka hanya. Watan jiya wani yaro ya kawo mini inji irin naka, duk fankokinsa shida waje suke hurawa, saboda ya ga ɓangaren fitilu ya fi kyau ta haka. Babu mai shigo da iska ko ɗaya. Injin yana zuƙa ta ramukan sukuru da tsagin baya, ga ƙura ta yi layi a kowace kafa. Juya uku kawai muka yi, zafin ya sauko.

Yadda nake shiryawa: uku a gaba suna shigarwa, ɗaya a baya tana fitarwa, ɗaya a sama can wajen baya ita ma tana fitarwa. Ta shidan, in a sama take ta wajen gaba, cire ta ka ajiye. Tana sace iskar da ta shigo tun kafin ta isa furosesa. Ina so mai shiga ta ɗan fi mai fita yawa, domin in haka ne iska ce ke turowa waje ta ƙananan ramuka, ƙura kuma ba ta da ƙofa sai ta gaba inda akwai raga mai tacewa. Ragar nan ka riƙa cire ta kana wankewa duk sati biyu lokacin hunturu, ta bushe sarai kafin ka mayar. Fankar da ke kan hitsink ita ma ta riƙa hura iska zuwa baya, kada ta yi karo da ta bayan akwati.

Ba ka faɗa mini wane hitsink ka ɗora ba, kuma 5800X ba ta zuwa da nata a kwali. In ɗan ƙaramin nan ne mai kama da faranti, bai isa ba. Nemi mai tsayi irin hasumiya, mai bututun jan ƙarfe aƙalla huɗu, in da hali shida da hasumiya biyu, irin Noctua NH-D15 ko Thermalright Peerless Assassin. Auna faɗin akwatinka tukuna, NH-D15 tsayinsa milimita 165 ne, na ga wanda ya saya murfi ya ƙi rufuwa. Bututun nan ba ƙarfe ne zalla ba. A cikinsu akwai ɗan ruwa kaɗan da aka rufe bayan an zuƙe iska, shi ya sa yake tafasa tun zafi bai yi nisa ba. Tururin ya ruga sama inda fanka ke hurawa, ya huce ya koma ruwa, ya gangaro ta jikin bututun, haka yake ta zagaye ba famfo ba komai. Akwai na bogi a kasuwa da ba komai a ciki. In kana shakka, tsoma ƙasan a ruwan zafi ka riƙe saman: na gaske cikin 'yan daƙiƙu za ka ji zafin ya iso yatsunka.

Na ƙarshe, shiga BIOS, wato shafin saiti da ake shiga da zarar an kunna inji kafin Windows ta tashi, ka kunna Eco Mode. Yana rage wutar da furosesa ke ja sosai, gudun da za ka rasa kuwa kaɗan ne, bidiyon da ke ɗaukar minti ashirin wataƙila ya ƙara ɗaya ko biyu. Ga wanda ke aiki da janareto ko inbata, wannan riba biyu ce.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Mile 12. Ɗana ya kwance kwamfutar gidanmu zai share, ya goge wani abu mai kama da toka a kan furosesa, ya ce abokinsa ya ce man goge baki ma yana yi. Na hana shi kunnawa sai na tambaya.

Amsa: Hajiya, kin kyauta da kika hana. A gaya wa yaron ya yi ƙoƙari da ya share, amma man goge baki na baki ne. Ruwa ne a cikinsa, kwana kaɗan zai bushe ya zama alli, garin neman gira a rasa ido. Haka giris ɗin mota da man shafawa, duk na gani, har da man kaɗanya.

Abin da ya goge shi ake kira tamal fes. Saman furosesa da ƙasan hitsink a ido sumul suke, amma akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iskar da ke maƙalewa a ciki kuma ba ta wuce da zafi. Man yana cike ramukan ne kawai, don haka kaɗan ake so. A saya masa Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1, ƙaramin sirinji ɗaya zai yi sau da yawa. Ya goge tsohon tas daga ɓangarorin biyu da tsumma mai tsabta da sifirit, na aisofurofil ya fi, ya bari ya bushe. Ya ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya, ya ɗora hitsink a miƙe, nauyin ne zai baza shi. Sukurori huɗun kuma kada ya ɗaure ɗaya har ƙarshe ya koma na gaba. Ya riƙa bi kusurwa da kishiyarta, kaɗan-kaɗan, kamar yadda makanike ke ɗaure tayar mota. In irin na Intel ne mai ƙusoshin roba da ake dannawa, ya tabbata duk huɗun sun yi ƙas, ɗaya ya ƙi shiga to hitsink ya karkace ke nan. Kada ya manta ya mayar da wayar fanka inda aka rubuta CPU_FAN.

In mai shago ya nuna masa wani mai sheƙi kamar narkakkiyar azurfa ya ce shi ne na manya, ya ƙi. Wannan ruwan ƙarfe ne, yana cin alminiyam, in ya ɗiga a kan allo, wato madabod da ake jona kayan injin a kai, kuma ya haɗa wuta. Sannan ga masu AMD irin soket ɗin AM4: kada a fizgi hitsink sama da ƙarfi in man ya bushe, yakan taho da furosesa manne ƙafafuwanta su lanƙwashe. A kunna injin ya ɗan yi ɗumi, a kashe, a murɗa hagu da dama a hankali, sannan a ɗaga.

In yaron yana da sha'awar abin nan, Hajiya, a ƙyale shi ya ci gaba. Ni ma da rediyon mahaifina na fara, na sha bulala a kai.

Tambaya: Injiniya, ofishina na fiton kaya yana Apapa. Wanda ke kula mana da kwamfutoci ya ce in sa na'urar sanyaya ta ruwa a sabon injina mai Core i5-12400, wai ita ce ta zamani. Ruwa da lantarki a wuri ɗaya ba abin tsoro ba ne kuwa?

Amsa: Ranka ya daɗe, Alhaji, tsoron yoyo ba shi ne babban dalilin da zan hana ka ba, don na kamfanonin kirki a rufe suke ruf, da wuya su zuba. Dalilina shi ne ba ka buƙatarta. i5-12400 wat 65 ce, in ta yi iyakar ƙoƙarinta ta kai 117. Hitsink mai hasumiya ɗaya, irin Hyper 212 na Cooler Master, ya ishe ta har da ragi. Ta ruwa an yi ta ne don irin su i9-13900K da ke kai wat 253.

Kuma ita ma ta ruwan iska ce ke sanyaya ta. Lagireto ce irin ta mota: famfo yana tura ruwa ya ɗauko zafi daga furosesa ya kai lagireto, fanka ta hura. In iskar ofis tana da zafi, ruwan ma haka zai kasance. Abin da ka ƙara kawai shi ne famfo, wanda ranar da ya tsaya ba ya sallama, sai dai ka ga zafi ya harba sama cikin minti ɗaya. Ruwan ma yana raguwa a hankali ta jikin roba, shi ya sa garantin mafi yawansu ba ya wuce shekara 5 ko 6. Hitsink kuwa ƙarfe ne, in fankarsa ta mutu ka sa wata, ya ci gaba.

Ga waɗanda suka riga suka saya: lagireton ya hau sama, ko in a gaba ne to samansa ya fi famfo tsayi. Akwai 'yar iska a cikin kowace, kuma wuri mafi tsayi take nema. In famfon ne a sama, nan za ta taru, ka riƙa jin ƙulu-ƙulu kamar tulun da ake cikawa, famfo yana juyawa a bushe. A kuma tuna a ɓare ledar da ke manne a ƙasan kan famfon kafin a ɗora. Kada a yi dariya, na cire irin wannan leda daga injin da wani mai kiran kansa injiniya ya haɗa, har da rubutun gargaɗin a jikinta.

Abin da ya fi dacewa ka sa wa ido a Apapa shi ne iskar teku. Gishirin da ke cikinta da laimar damina, wadda kan wuce kashi 80 cikin 100, suna sa tsatsa a sukurori da bakin soket. Injin da ake kunnawa kullum ya fi wanda aka rufe aka yi tafiyar wata biyu lafiya, domin ɗumin kansa yana korar danshi.

Tambaya: Malam, ni na cire murfin gefe na sa fankar tsaye tana hurawa ciki, wani lokaci har in ajiye ƙanƙara a gabanta. Sannan fankar baya tana gurnani da safe. In sa mata mai? Daga wani ɗalibi a Obalende.

Amsa: Ɗan'uwa, fankar tsaye ta fitar da kai kunya na kwana biyu, ban hana ba, ni ma nakan yi in ina gwaji. Amma in ta zama ta kullum, ƙura da kyankyasai da tsaka sun samu gida, kuma na sha ciro gawar tsaka daga bayan allo. In cire murfi ne ke sa injinka zaman lafiya, koma amsa ta biyu, hanyar iskarka ce ba daidai ba.

Ƙanƙarar kuwa ka daina yau. Ka ga yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin gumi in ka fito da ita daga firji a garin nan? Ɗigon da ke taruwa a jikin ƙanƙarar da kwanonta shi fanka ke fesawa cikin injinka. Haka ma wanda ya ɗauko inji daga ɗaki mai sanyin iyakwandishan ya fita da shi waje, ya jira kamar awa ɗaya kafin ya kunna.

Gurnanin safe alamar boris ya bushe ne. Ɓare takardar da ke ƙeyar fankar, in akwai ɗan murfin roba ka ɗaga, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, ka rufe. Ban da baƙin mai, ban da man gyaɗa, wannan yana daskarewa ya kama ƙura. Zai ba ka 'yan watanni ne kawai, don haka ka fara neman wata. Auna tsohuwar, ko milimita 80 ce ko 92 ko 120, ka ƙirga ƙafafun soket ɗinta. Mai huɗu ta fi mai uku, domin da ita allo ke iya daidaita gudunta sosai, ta yi shiru in ba aiki, ta tashi in zafi ya taso. In akwatinka yana da ramukan da za su ɗauki 120, ɗauki 120, tana tura iska mai yawa ba tare da ihu ba. Kafin ka biya, ka sa mai shagon ya jona ta a gabanka, ka kara ta a kunne ka ji.